Baƙaƙe a Jikin Duma

Jiya na ga duman bayan gidana ya fara ’ya’ya. Jiragen ruwan Jamusawa sun iso garin Garwa, an tashi karatu kowa ya tafi dakon kayansu, kuma bana babu malaminmu Modibbo.

Da furfurata ya fara koya mini karatu. Ranar tashin karatu yakan miƙo mini ƙaya in karce baƙaƙena a jikin ɗanyen duma, ruwansa yana danƙo a yatsuna.

“Kullum ka leƙa su, ɗana,” in ji shi. “Kan nan naka rariya ne.”

Yau na karce baƙaƙe tara, na goma ya ƙi zuwa, kuma ba wanda zan tambaya. Allah ya haskaka kabarinsa, ya tsare mini taran nan har kaka.