Dakan da Ake Yi a Gidan da Babu Mace

Shekarun baya, ina amarya ɗanya shakaf, mijina ya kama mana haya a wani lungu a Tudun Wada. Katanga ɗaya ce ta raba mu da gidan wani malamin firamare da matarsa da 'ya'yansu biyu, namiji ɗan shekara takwas da ƙanwarsa 'yar ƙarama da ba ta daɗe da iya magana sosai ba. Katangar ba ta da tsawo, ni kuma Allah Ya yi ni da kunne. Mijina yakan ce da ana biyan albashin sauraron maƙwabta, da tuni na gina masa bene.

Matar Malam ce ta zame min uwa a unguwar. Ita ta koya min kaɗa miyar kuka ba gudaji, kuma ta saman katangar take miƙo min gishiri in nawa ya ƙare. Tana da wani irin daka nata ita kaɗai. Ta buga, ta buga, sai ta ɗan ƙwanƙwasa bakin turmin da taɓarya, ƙwas, kamar mai sallama. Ko barcin rana nake yi na ji wannan ƙwas ɗin, na san azahar ta wuce, lokacin ɗora tukunya ya yi.

A farkon damina ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Na yi kuka kamar 'yar'uwata ta jini. Da aka watse daga zaman makoki, yayarta, wata Hajiya da ke zaune a Hanwa, ta ce za ta tafi da yaran. Ina jin ta daga tsakar gidana tana cewa, "Malam, namiji ina ya iya riƙon yara? Wa zai dafa musu?" Malam ya roƙe ta da girman Allah ta bar masa su, ya ce su kaɗai yake kallo ya ji sanyi a ransa. Da ƙyar ta yarda, amma ta ce idonta na kansu, ranar da ta ga abin da bai yi mata ba za ta zo ta kwashe su.

Gidan ya yi tsit. Da safe Malam ya tafi makaranta da yaran, su dawo da rana, bayan azahar yaran su wuce Islamiyya, shi kuma ya datse ƙofa da kwaɗo ya fita. Muna ɗauka a bakin titi yake sayo musu abinci.

Wata rana ina kwance a kan tabarma, rana ta take, unguwa shiru ko kukan akuya babu, sai na ji an buga turmi a bayan katanga. Aka sake bugawa. Sai ƙwas.

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na ce wa kaina kunnena ne, kewar baiwar Allah ce take damuna. Amma dakan bai tsaya ba, can kuma sai ga ƙamshin daddawa da citta ya tsallako, irin haɗinta sak. Na zari mayafi na leƙa waje. Kwaɗo yana nan a ƙofar Malam, a datse ta waje.

Da mijina ya dawo na faɗa masa, ya yi min dariya har da buga ƙafa. Ya ce, "Ke dai da jiye-jiye. Tsoro irin na mata ne kawai." Ba a yi nisa ba wata rana zazzaɓi ya dawo da shi gida da wuri. Yana kwance aka fara. Ya tashi ya fita ya ga kwaɗon da idonsa, ya dawo ya zauna a bakin gado yana karanta Falaƙi da Nasi. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan tsoron na su wa ne?" Sai ya ci gaba da karatunsa.

Ashe ba mu kaɗai muke ji ba. Matar gidan baya ta ji, tsohuwa mai ƙosai da ke bakin lungu ta ji, kuma duk sun san hannun. Tun ana raɗa har zance ya fito fili. Yara suka daina bi ta ƙofar gidan, sai su zagaya. Abin da ya ƙara tsinka mana zuciya shi ne ranar da tsohuwa mai ƙosai ta tare 'yar ƙaramar ta tambaye ta, "Ke, wa yake yi muku tuwo?" Yarinyar ta ɗago ta kalle ta, ta ce, "Umma ce." Yayanta ya fizgi hannunta suka wuce, ya ƙi kallon kowa.

Daga ranar, azahar na wucewa sai in kasa zama wuri ɗaya. In kunna rediyo, in kashe, in sake kunnawa. Abin haushi, ina tsoro, ina kuma son ji. Muryar turmin ta wadda nake ƙauna ce, kuma wani lokaci har hawaye nake yi ina saurare.

Ranar da na kasa haƙuri, hadari ne ya haɗo da rana tsaka, gari ya yi duhu kamar magariba, iska ta tsaya cak. Cikin wannan shirun aka fara dakan. Na ce gani ya kori ji. Na karanta Ayatul Kursiyyu, ban ma tabbata na kai ƙarshenta ba, na kifa bokitin ƙarfe a gindin katanga na hau.

Abin da na fara gani zani ne. Atamfarta ce, koriya mai zanen ganye, wadda na sha ganinta a kan igiyar shanya. Mai zanin ya juya min baya, ya sunkuya a kan turmi. Sai da idona ya hau sama sannan na ga singileti, na ga ƙeya da aski, na ga ƙafar wando ta leƙo ta ƙarƙashin zanin. Bokitin ya yi ƙara, ya waigo.

Malam ne. Ya ɗaura zanin a kan wandonsa don kada kayan aikinsa su ɓaci. Can a lungun gidan na hango 'yar ƙofar baya a buɗe, ta nan yake zagayowa ya shigo bayan ya datse ta gaba.

Ban taɓa ganin kunya irin wadda na gani a fuskar bawan Allah nan ba. Ko da sata na kama shi iyakar ke nan. Ya ajiye taɓaryar a hankali, ya ce, "Amarya, don Allah ki rufa min asiri."

Na ce, "Malam, ai unguwa gaba ɗaya ta ɗauka marigayiya ce."

Ya ce, "Na sani. Yarinyar ce ba ta cin na saye. Sai na yi na ce mata na Umma ne sannan take buɗe baki." Ya dubi turmin. "Dakan kuma ban san wani iri ba. Nata kaɗai kunnena ya sani."

Ruwa ya sauko, na diro daga bokitin. Na riƙe maganar, ko mijina ban faɗa wa ba, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin jihadi ba ne.

Amma zance ya riga ya kai Hanwa. Wata Asabar da hantsi sai ga Hajiya a keke mai ƙafa uku, tare da kawunsu ita da marigayiya, wani dattijo mai kaifin harshe. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, ni kuma na kama aikina a gindin katanga. Hajiya ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce gidan akwai motsi, kowa ya shaida, kuma ba za ta bar 'ya'yan ƙanwarta a inda matacce ke ciyar da su ba. Ta ce a haɗa musu kayansu.

Ina jin 'yar ƙaramar tana wasa da murfin kwano. Sai na ji muryar Malam, ƙasa ƙasa.

"Hajiya, babu motsin komai. Ni ne nake dakan. Ni nake tuƙa tuwon."

Kawu ya ce, "Subhanallahi. Malam, kai fa namiji ne, mai koyar da 'ya'yan mutane. Kada ka zubar da girmanka don kawai ka hana mu yara."

Malam ya ce gaskiya ya faɗa. Hajiya ta ce in gaskiya ne ga turmi can. Na ji an jawo turmin, na ji an zuba wani abu a ciki. Ya buga, ya buga, ƙwas.

Hajiya ta ƙwalla salati. "Wallahi hannun ƙanwata ne! Kawu, ka ji? Wannan ba shi ba ne, ita ce a jikinsa!"

Kawu bai ɗaga murya ba, shi ya sa maganarsa ta fi ciwo. Ya ce, "Magana biyu ce. In ba kai ba ne, gidan ba lafiya. In kuma kai ne, to ba zan bar yaro namiji ya tashi yana kallon ubansa da taɓarya ba. Me kake so ya zama?"

Na kasa daurewa. Na yafa mayafi na tare Hajiya a ƙofa, na ce na gan shi da idona, tuwo kawai yake yi wa 'ya'yansa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke yarinya ce. Jikinsa kika gani." Aka ɗora yaran a keke. Namijin bai yi kuka ba, don tun ranar jana'iza ake ce masa maza ba sa kuka. Malam ma bai yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa har keken ya sha kwana.

Kafin la'asar labari ya kai majalisar bakin titi. Mazan da jiya suke tsoron gidan, yau suka sami abin dariya. In ya zo wucewa sai wani ya ce, "Uwargida, yau me aka dafa mana?" Wani ya kira shi da sunan da ba zan rubuta a nan ba. Ya daina zama da kowa, daga makaranta sai masallaci sai gida. Turmin kuwa ya yi shiru, kuma wannan shirun ya fi dakan ba ni tsoro. Gida da mutum a ciki, amma ko tari ba a ji.

Makonni kaɗan bayan haka, sai ga keke ya sake tsayawa. Hajiya ta fito da 'yar ƙaramar a kafaɗa, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. An yi asibiti, an yi rubutu, an yi tofi, yarinya ta ƙi abinci, kullum maganarta ɗaya, ita na Umma take so. Hajiya ma ta faɗa, idanunta sun zurma. Ta ce ko turmin maƙwabta aka buga sai gabanta ya faɗi. A bakin ƙofa ta tsaya, ta ƙi shiga, a gaban duk wanda ya fito kallo ta ce, "Malam, ba don kai na dawo da su ba. Mai 'ya'ya ce ba ta yarda ba. Ni ba zan yi jayayya da wadda ke kabari ba."

Na zuba wa Malam ido, ina jira ya ce a'a. Ya karɓi 'yarsa ya rungume, ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Hajiya."

Washegari bayan azahar aka buga turmi. Babu wanda ya sake tsokanarsa. Masu kiransa uwargida suka koma gaishe shi da ladabi, har da ɗan ja da baya, wai bawan Allah ne da aka jarrabta. Haka ya riƙe yaran nan, wanki, kitso a wurin mai kitso, jinya, tuwo, har suka girma.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Mace in ta yi abin a zo a gani, mukan ce ta yi namijin ƙoƙari, ko ta yi ta maza, kuma yabo ne. Namiji kuwa in ya yi abin da uwa take yi, na laluba bakinmu kaf ban sami kalmar yabonsa ba, sai ta zagi. Unguwa guda, masu sallah da karatu, har da ni mai bokiti, ya fi mana sauƙi mu yarda matacciya ta taso ta yi daka da mu yarda rayayyen namiji ya yi. Har yau in na tuna, wannan ne yake sa jikina ya yi sanyi, ba turmin ba.

Bara aka aurar da 'yar ƙaramar. Mun daɗe da tashi daga Tudun Wada, amma na je. A cikin gida mata suna ta sa wa marigayiya albarka, wata tana cewa uwa ta gari ko a kabari ba ta barin 'ya'yanta, saura suna amin. Da zan tafi na tarar da Malam a zaure, gemu ya yi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Malam, kana jin abin da ake faɗa a ciki? Har yanzu ba za ka gyara musu ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "Amarya, ranar da na ce ni ne, kwashe min yarana aka yi. Ranar da aka ce ita ce, aka dawo min da su. Ki bar mata."