Na Rubuta Awon Maganin, Ban Rubuta Sunansa Ba

Ina cikin kurkure baki da safen nan aka kira ni: Baba Mai Bagaruwa ya rasu. Ruwan maganinsa ne ma a bakina a lokacin.

Na Allah ne mu, gare Shi za mu koma.

Matar da yake haya a gidanta a unguwar Sanyuanli, a nan China, ce ta same shi a mace jiya da hantsi. Gawar tana asibiti, sun ce ba za su ba mu ita ba sai danginsa sun amince. Ba a ga fasfo a ɗakin ba, wayarsa a kulle. Tun safe nake zagaya unguwar Xiaobei. Kowa ya san Baba Mai Bagaruwa, babu wanda ya san sunansa ko garinsu.

Shekara uku ke nan da haɗuwarmu. Dasashina ya kumbura yana jini, bakina yana wari, har na koma yin ciniki hannu a baki. A gidan abinci ya lura ina tauna ta gefe ɗaya. Bai ce komai a gaban mutane ba. Washegari ya miƙo min gora a baƙar leda.

"Safe da yamma. Kada ka haɗiye, ba shayi ba ne. Kuma ka je likita ya kankare maka haƙoran, bagaruwa ba ta wannan aikin."

Shi ya raka ni wurin likitan.

Kun san ni da rubuta komai. Yau na zazzage littattafaina duka. Na ga awon bagaruwa da na kanumfari. Na ga ranar da jinin ya tsaya. Na ga ranar da ya bi shagunan magani da ƙwanso ɗaya a hannu, kowane laoban, mai shago ke nan, yana ce masa "meiyou", wato babu, ya dawo yana dariya: "Ƙasa duk girmanta, ba bagaruwa!"

Sunansa babu. Ko a shafi ɗaya.

Ranar Juma'a muka rabu a bakin tashar jirgin metro. Ya ga ina zaro biro ya ce, "Malam Idi, wata rana har numfashinka za ka rubuta." Sai ya ce bagaruwarsa ta kusa ƙarewa, amma 'yarsa tana shanya wata, za ta aiko.

Na rubuta: "Bagaruwa ta kusa ƙarewa." Ban tambayi sunan yarinyar ba. Wane irin aboki ne ni? Ban sani ba, wallahi.

Don Allah ku taimake ni. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, zai haura sittin. Bagaruwar tana zuwar masa daga Kano a hannun 'yan kasuwa, cikin ƙaramin buhu, an rubuta "Baba, China". Idan ka taɓa ɗauko buhun nan, ka san wadda ta ba ka. Ka yi min magana ta inbox. Ku tura wannan duk group ɗin da kuke.

Ya Allah Ka jiƙansa, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa min, Ka sa a sallace shi da wuri.

Ku saka shi a addu'a. Ku saka 'yarsa ma. Har yanzu tana can tana shanya bagaruwa, ba ta sani ba.