Keken Baba a Kan Jinga

Har yau idan wani ya ce ido ne ya kayar da Baba daga kan keke, sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi. Ina wurin. Ni ne a gabansa, kuma na san abin da ya kayar da shi.

Baba a kan keke ya yi rayuwarsa. Fataucin bandar kifi ya yi tun yana saurayi, ya ɗaure mankara, wato kwandon kifi, a kariyar keke ya bi jinga, wato tudun ƙasar da aka tayar a gefen kogin Haɗeja don tare ruwa, ya saro a ƙauyukan masunta ya kawo kasuwa. Da girma ya zo ya bar fataucin, amma bai bar hanyar ba. Daga bayan gari ake hawa jingar, kogi a dama, fadamun alkama da shinkafa a hagu. A wuce kurmin goriba, a wuce inda ciyawar kacala ta cinye rabin ruwan, har a kai wani tapki da tsofaffin abokansa ke gyaran koma a gindin kanya. Can yake zuwa a yi ta musu a kan kifin da da na yanzu, sai la'asar ta yi sanyi mu juyo.

Da yanar ido ta fara rufe masa gani, Yaya, babban wanmu, ya ce a karɓe keken. Ni kuwa na ce ba a isa ba. Mutumin da ba ya zaman majalisa, ba ya sauraron rediyo, abin da ya rage masa a duniya wannan hanyar ce, a raba shi da ita a ce an yi masa gata? Muka yi ta ja har Yaya ya sa sharaɗi: ni zan riƙa shiga gaba da nawa keken, amma ranar da Baba ya faɗi, ko da a kan yashi ne, hawan keke ya ƙare. Baba ya ce ya yarda.

Haka muka yi ta yi. Ina gaba ina kaɗa ƙararrawa, yana biye da ƙarar. In na ga rami ko shanu sun hau jinga sai in kaɗa da ƙarfi mu sauka. Shi kullum tsakiyar hanya yake bi, tunda ba ya ganin gefe. Wallahi ya fi ni iya tuƙi. Yana tafe yana gaya mini inda muke, daga warin ruwa da kukan dinya kawai, yana kuma tsokanata wai ina taka feda kamar mai tsoron kada keken ya ji ciwo.

A da, idan rani ya yi, masu noman alkama sukan yanka jinga su ratsa tiyon injin ban ruwa daga kogi zuwa gona. Kowa ya san ƙa'idar: ka yanka, ka kafa reshen ƙaya a wurin, mai keke ya hango ya sauka. Bayan ambaliyar da ta kwantar da gidajen gefen gari, bulama da dattawa suka hana yankan gaba ɗaya. Tiyo ta sama za a ɗora shi, wanda aka kama ya yanka kuwa a ɗauke injinsa daga bakin kogi har kakar ta wuce. To amma tiyon da ke sama shanu da babura suna fasa shi, shi ya sa wasu suka koma yankawa a ɓoye. Wanda ke ɓoyewa kuma ba zai kafa ƙaya ba.

Ran da abin ya faru, da hantsi ne, alkama ta fara ciki, ko'ina kore shar. Mun zo daidai fadamar gidanmu, wadda Yaya ke nomawa, injinsa na ta bugawa a bakin ruwa. Ni ina bin sawun babur da ya ɗan karkata gefe, na wuce lafiya, ban ga komai ba. Sai na ji ƙara a bayana. Ina waiwayawa na ga ƙafar gaba ta keken Baba ta nutse har rabi, shi kuma ya wuntsila ya bugu da ƙugu a gangaren jinga.

Na jefar da nawa na ruga. Ashe rami ne aka yanka ya ratsa hanyar, aka shimfiɗa kacala a kai, aka barbaɗa ƙasa aka share da tsintsiya. A gefe ɗaya an sa ɗan guntun katako daidai faɗin tayar babur, shi na taka. Wato wanda ya haƙa ya tanadi inda shi zai bi, sauran bayin Allah kuwa oho. Baba yana kwance yana nishi, ya miƙa hannu cikin ramin ya shafa tiyon, ya ji ruwa na gudu a ciki. Ya tambaye ni ina tiyon ya nufa. Bai ma jira amsata ba, don ya fi ni sanin gonar da ke wurin.

A amalanken shanu muka kawo shi gida. Mai ɗori ya duba ya ce ƙugu ya tsage. Ana cikin haka Yaya ya shigo, ya tsaya a kan Baba yana tafa hannu, ya dube ni a gaban mutane ya ce, “Ai ga irinta nan. Na faɗa, na faɗa, kai ka ce ka fi kowa son sa.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, “Yaya, fito waje mu yi magana.” Baba ya riƙo bakin rigata, ya ce kowa ya ba mu wuri. Da aka fita ya jawo ni kusa. Bai taɓa kiran sunan Yaya ba, kunyar ɗan fari, ranar ma bai kira ba.

Ya ce, “Ɗan'uwanka bai san zan faɗa ba.”

Na ce, “Baba, ya san kullum ta nan kake bi. Ya san tsakiya kake bi. Reshen ƙaya guda ɗaya ya gagare shi?”

Ya ce, “In bulama ya ji, za a ɗauke injin. Alkamar nan in ta rasa ruwa yanzu ta mutu, gidan nan da me za a ci? Kuma a riƙa nuna shi a masallaci. A ce idona ne.”

“Keken fa, Baba?”

Ya ce, “In ka faɗa wa wani ina raye, ban yafe ba.”

Na yi shiru, kuma shirun nan ya ci ni. Masu dubiya suna zuwa, Yaya na zaune a bakin tabarma yana ba su labarin yadda ya yi ta gargaɗi, suna cewa Allah ya yi masa albarka, ni kuma a ce mini yaro sai a hankali. Yaro, da furfurata. Washegari da sassafe na hau keke na koma wurin, na tarar an cike ramin da laka an daddaɓe, tiyo ya dawo ta sama kamar na mutumin kirki. Ko sau ɗaya Yaya bai zo ya durƙusa ya ce Baba yi haƙuri ba. Da ya yi haka ko a ɓoye, da na huce. An girbe alkama, mun ci, ni ma na ci.

Ƙugun ya warke, har Baba yana dogara sanda ya fito zaure. Wata rana ya ce ko a goya shi a babur zuwa tapki, Yaya ya ce jijjiga za ta tayar da ciwon. Bai sake roƙo ba, kuma bai sake zuwa bakin kogin ba har Allah ya karɓi abinsa. Abokansa biyu sun rasu a wannan tsakanin, a zaure ya ji labari.

Keken kuwa Yaya ya kai aka miƙe ƙafar, ya ce kada ya yi tsatsa a banza. Ya ba mai yi masa aikin gona yana kai jarkar fetur wajen injin. A zaure ake ajiye shi, inda Baba ke zama. Kullum da safe idan za a fitar da shi, sai Baba ya janye ƙafafunsa ya ba shi hanya.