Rinin Ɓeraye a Firijin Hajiya Fathiyya

Duk layinmu a Iskandariyya babu wanda ya yarda da aikin Nagwa, matar Subhi mai gyaran agogo. Wai a ɗakin bincike take, tana ɗebo jinin ɓera, ta ɗiga masa wani rini da ke manne wa sojojin jiki, kowane iri da launinsa, na'ura ta haska ta ƙirga su. Mace da hankalinta, ta ƙare a yi wa ɓera lalle!

Daga ƙasar waje ake kawo rinin, sai an sha jira, kuma shugabarta Dakta Mirfat a hannun Nagwa ta damƙa makullin ajiyarsa. Abin ba ya son zafi, ba ya son haske. Ranar da firijin wurin aiki ya lalace, Nagwa ta naɗe 'yan kwalaben a takarda mai ƙyalli, ta kawo gida ta cusa a firiji bayan tukunyar miyar mulukiya.

Uwar mijinta, Hajiya Fathiyya, ta bi ta da ido.

"Mene ne wannan, 'yar nan?"

"Kayan aiki ne, Umma. Don Allah kada a buɗe."

"Kada a buɗe? Abin arziki ba ya gudun rana. Dama na ga Subhi kwanan nan har kwanuka yake wanke miki."

Nagwa ta yi dariyar yaƙe, ta sauka sayen burodi. Layi kuwa ya yi tsawo. Ko da ta dawo, ga kwalabe jere a baranda, tsirara cikin rana, an kewaye su da gishiri, turare na tashi. Hajiya na gefe tana fifita.

"Na karya asirin," in ji ta. "Jan nan ma har ya koɗe."

Washegari na'ura ta haska, jinin ya ƙi ƙyalli. Nagwa ta ce rana ce ta lalata rinin. Dakta Mirfat ta dubi allo, ta dubi sabon takalmin Nagwa.

"Rana ce ta cinye, ko ruwa kika ɗura kika sayar da na gaske?"

Nagwa ta dawo ta durƙusa wa tsohuwa, ta roƙe ta shaida. Hajiya ta ɗauki sandarta har ofis, ta faɗa a gaban kowa cewa ita ta shanya, kuma gobe ma a kawo a gani.

Aiki dai ya tsira da ƙyar. Makulli kam an karɓe, aka ba wata wadda surukarta ta daɗe da rasuwa.