Ranar da Na Gyara Ɗakin Kakana

Shekarun baya, lokacin da na gama makarantar horon malamai a Sakkwato, na dawo Illela ina ji da kaina kamar ni na kawo boko garin. Komai na gidanmu sai na ga ya tsufa yana neman gyara.

Kakana kuwa ya tsufa da gaske, ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni. Yana saurayi Turawa suka ɗauke shi soja, farko-farkon mulkinsu, ya je yaƙi can kudu ya dawo da ɗingishi. Da 'yan kuɗin sallama ya kafa canji a bakin kasuwa. Mai kuɗin wuri ya kawo ya karɓi anini da kwabo, mutanen Ƙonni na ƙetaren iyaka su kawo tamma, kuɗin Faransa, su karɓi sule. Daga nan aka fara ba shi ajiya, kafin a san banki a garinmu shi ne bankin. Ba ya rubutu. Kowa ya ƙulle kuɗinsa a tsumma ko jaka, shi kuma ya san kowane ƙulli da mai shi. Da wannan sana'ar ya aurar da 'ya'ya goma sha ɗaya. Cikin jikoki ni ce 'yar lelensa, Amarya yake kirana, ni kuma in ce ba na auren mai sanda.

Wata Juma'a ya tafi masallaci, na ce yau ɗakin tsohon nan zai ga tsafta. A ƙarƙashin gado na jawo akwatin ƙarfensa na soja. Ya daɗe da barin karɓar ajiya, babu komai ciki sai wata jakar fata, ta bushe ta yi baƙi tana wari. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, na sa wuƙa. Sai ga wuri ya zubo. Na yi ta dariya ni kaɗai. Na kira 'yan matan maƙwabta na raba musu, masu sa wa a kitso su sa, masu wasa su yi wasa. Jakar kuma na jefa murhu.

Da ya dawo ya zauna bakin gado, ya jawo akwatin ya zura hannu. Ashe kullum haka yake yi. Ya lalube kusurwa huɗu, ya sake lalubewa.

"Amarya, wa yash shiga ɗakin ga?"

"Ni ce, angon ƙarya. Na fitar maka da shara. Wuri ai ya daina sayen ko gishiri tun ba a haifi babana ba."

Bai yi dariya ba. "Mi kiy yi da ita?"

Na faɗa masa, murya na raguwa.

Ya ce, "Ba tau ba ta. Ita ta ajiya ta farko da anka ba ni." Mai ita wani saurayi ne daga wani ƙauye bayan Ƙonni, Faransawa za su tafi da shi soja. Ya ji an ce akwai mai canji da ya san wahalar soja, ya ƙetaro da kuɗin aurensa ya ce a riƙe masa har ya dawo. Bai dawo ba. Shekara sittin da ɗoriya kakana na tambayar fataken Ƙonni ko sun san danginsa.

Ya miƙe ya ɗauki sandarsa. "Tashi mu tahi."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba. Ya dafa kafaɗata muka bi gida gida. Mutumin da manyan 'yan kasuwa ke tuɓe takalmi a ƙofar zaurensa, shi ne yake sallama yana cewa, "Don Allah a duba wa ɗiyanku, in akwai wuri a taimake ni da shi." Wata uwa ta kwance kitson 'yarta a gabanmu. Wasu ƙwayoyin wurin an tono su cikin ƙasa, wasu sun shige inda ba a sani ba. Matan gidajen kallona kawai suke yi, da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Don in nuna amfanin karatuna na ce, "Kaka, nawa ne duka? Sai in ƙirga mu ga abin da ya rage."

"Ban sani ba," in ji shi. "Ban taɓa kwance ta ba."

Bayan damina ciwo ya kwantar da shi. Wata safiya ya sa aka kira mahaifina da limamin unguwa, ina bakin ƙofa da kwanon kunu. Ya ce su shaida, duk abin da aka taɓa ba shi ya mayar, sai ajiya ɗaya da ta ɓaci a hannunsa. In magada sun zo a ba su abin da ya saura a nemi afuwarsu, in ba su zo ba a sayar da sa guda cikin shanunsa a yi wa mai ita sadaka. Mahaifina ya ce, "Baba, ai yarinyar nan ce ta..."

"Ba ita anka ba ajiya ba," ya katse shi. "Ni anka ba."

Nan ya kamata in ajiye kwanon in durƙusa in ce ya yafe mini. Sai na shiga na ce, "Ango, ga kunu," don wasa kawai na iya yi da shi, kuma girman kai bai bar ni ba. Ya karɓa ya sha. Bayan kwana tara ya rasu.

An sayar da san, an yi sadakar, magada ba su taɓa zuwa ba. Yau ni ma ina da jikoki, har suna mini dariya wai ba a taɓa mini ko tsohon gwangwani sai an tambaya. Na san ya yafe mini tun ban roƙa ba, kuma wannan ne ya fi damuna. Kalma biyu ce, ina tsaye taku uku daga gadonsa, na kasa faɗa.