Wata Huɗun da Na Ƙara wa 'Yata

A shekarar da shugaban ƙasarmu ya zo Umara, babu wanda ya kai ni baki a majalisar mai tsire da ke unguwar Mansur a Makka. Ni tela ne, gyaran kaya nake yi a wani ɗan shago, amma da an idar da La'asar sai in rufe keke in je in zauna a benci in yi wa gwamnati jarrabawa. Mai tsiren mutumin Maraɗi ne, kuma ya san inda ake taɓa ni. Da ya hango ni sai ya ɗaga wuƙa ya ce, "Ga alƙali nan ya iso. Yau maki nawa ka ba shugabanku?"

"Sifili!" Haka nake cewa kullum, ko zama ban yi ba.

Ina da dalilina. Mu da muka zo ibada muka maƙale ba iƙama, wato ba takardar zama, mun sa rai zai yi wa mahukuntan ƙasar nan maganarmu, a ba mu takardar da mutum zai je gida ya dawo. Sai muka ga hotuna ana gaisawa, ana shan gahawa, kwana huɗu ya hau jirgi ya koma. Wasu suka ce an yi maganar a asirce, wai harkar ƙasa da ƙasa ba a kasuwa ake yin ta ba. Wasu suka ce ko sunanmu ba a ambata ba. Ni dai ban san me aka faɗa a ɗakin ba, amma rashin sanin bai hana ni yanke hukunci ba. Na ce uban da bai san halin da 'ya'yansa ke ciki ba, ai ba uba ba ne. Aka yi ta tafa mini.

Ina da 'ya a Kano, kuma ban taɓa ganin ta ido da ido ba. Da azumi na taho Umara na bar uwarta da ciki, da niyyar in yi aikin wata biyu in koma da ɗan abin hannu. Aka haife ta jajiberin Babbar Sallah, ranar da nake tsaye a Arfa ina sayar da ƙanƙara. Uwar ta rasu yarinya ba ta shekara biyu ba, sai ta tashi a hannun mahaifiyata. Idan na fita ƙasar nan ba dawowa, abincin gidan kuwa daga kekena yake fita. Haka nake gaya wa kaina, kuma akwai gaskiya a ciki.

Da ta fara wayo, ƙanwata ta buɗe mata shafi a dandalin nan na sada zumunta, a wayarta. Nan na fara ganin fuskarta. Duk ranar Allah idan ta dawo makaranta sai ta rubuto mini: abin da aka dafa, wanda ya tsokane ta, wushiryar da ke tsakanin haƙoranta wadda aka ce irin tawa ce. Kiran waya minti biyu ne, kunya take ji, "lafiya lau" kawai take cewa. A rubutu ne take sakin jiki. Duk abin da na sani game da 'yata a cikin shafin nan yake.

Bayan aikin Hajjin shekarar da 'yan makonni, ƙanwata ta kira ni. "Yaya, an rufe shafin yarinyar nan. Wai sai an nuna takardar da ta tabbatar ta kai sha uku, in ba haka ba za a goge shi da duk abin da ke ciki."

"Wa ya rufe?"

"Oho. Haka dai aka rubuto."

Na kai maganar majalisa, na ce kun gani ko, aikin mutumin nan ne, da ma ana ta raɗe-raɗin za a yi dokar toshe bakin mutane a waya. Mai tsire ya ce a'a, dokar Amurka ce, can masu abin suke. Na ce to me ya haɗa Amurka da 'yata da ke Kano? Wani ya ce ai tun da ni a Saudiyya nake karɓar saƙon, dokar nan ce ta kama ta. Kai! Ƙasa uku a kan yarinya guda. Na tashi ban san wa zan zaga ba, sai na zagi shugabanmu, don shi na saba.

Yarinya ba ta da takardar haihuwa, a gida aka haife ta. Ƙanwata ta ce za ta je kotu ta yi takardar rantsuwar shekaru, amma ita tana aure a wani gari lokacin haihuwar, tsohuwa kuma lissafinta ya fara rikicewa, yau ta ce kaza gobe ta ce kaza. "Kai ne uba, Yaya. Abin da ka faɗa shi za a rubuta."

Wannan ai mai sauƙi ne, in ji ni. Ni da Arfa nake ƙirga zamana a Makka. Shekarar ƙanƙara, shekara biyu na shara, shekarar da na yi dakon tukwane, ukun da na yi wankin motocin alhazai, haka har zuwa wadda ta wuce. Na lissafa da yatsu sau biyu, Arfa goma sha huɗu. To yarinya shekararta sha huɗu, me ake wani tayar da hankali?

Na tafi shagon waya da ke kusa da mu don a rubuta mini kwanan watan da na boko. Mai shagon Bahaushe ne haifaffen nan, magidanci, Hausarsa rabi Larabci ce. Ya saurare ni, ya girgiza kai.

"La, ya ammi. Arfa ta farko ranar aka haife ta. Wannan ba a ƙirga ta. Sha uku."

Na ɗan yi musu, sannan na ga gaskiyarsa. Na ce to shi ke nan, sha ukun ai ita ake nema.

Ya danna wayarsa, ya juyo mini da ita. "Sha uku da Hijira. Su da miladi suke lissafi, na boko. Shekararsu ta fi tamu tsawo da kwana goma sha ɗaya. 'Yar taka ba ta cika ba, saura wata uku da wani abu."

Ikon Allah! Na shigo shago da 'ya mai shekara sha huɗu, ban yi minti goma ba ta koma sha biyu. Na ce masa yarinyar nan fa tana azumi, tana yi wa kakarta girki. Na ce wata ai Allah ne ya halicce shi, wa ya ba su izinin rage wa 'yata shekara? Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ba ruwansa, nizami ne, wato doka. Na tambaye shi nizamin wa. Ya ce wallahi bai sani ba.

Da ya ga na yi tsaye kamar an dasa ni, sai ya rage murya. "Mayar da ita baya wata huɗu, halas. Wa zai sani?"

Raina bai so ba. A Makka fa muke, inda mutum ke jin nauyin ƙarya ko a cinikin tumatir. Ga shi ƙanwata ce za ta yi rantsuwar a kan maganata. Amma na tuna hotunan nan, da rubutun nan na kullum, na ji ba zan iya komawa "lafiya lau" ta minti biyu ba. Na ce ya lissafa. Wata huɗu baya daga Zulhajji ya faɗa Sha'aban. Ya rubuta mini ranar a 'yar takarda, ta Hijira da ta boko, na ɗauki hotonta na tura gida.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ba jajiberin Sallah nake ji ana faɗa ba?"

Na daka mata tsawa. "Ke kika haife ta ko ni?"

"Allah ya ba ka haƙuri," in ji ta. Washegari ta tafi kotu.

Kwana tara na yi ina duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Na ɗinke wa wani mutum aljihu ruf, ya zo yana faɗa, na ba shi haƙuri. A majalisa kuwa an koma gardamar ko tafiye-tafiyen shugaban na da amfani. Ina ba shi sifilinsa, amma hankalina ba ya wurin.

Rana ta goma ina zaune a bencin mai tsire sai wayar ta yi ƙara. Shafi ya dawo, hotuna suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi har aka juyo ana kallo na. Sai ga saƙonta ya shigo.

"Baba, na ga takardar da ka turo wa Gwaggo. Ashe a Sha'aban aka haife ni. Kaka ta ce da azumi ka tafi. Ke nan kana gida aka haife ni! Kaka ce ta manta, take cewa ba ka taɓa gani na ba."

Wallahi ko kusa ban yi wannan lissafin ba. Na ƙirga Arfa, na ƙirga kwana goma sha ɗaya, ban ƙirga watan da na bar gida ba. Kafin in san abin da zan ce, wani saƙon ya biyo baya.

"Da ma ni na san ba za ka tafi ba ka gan ni ba. Baba, ka ɗauke ni?"

Mai tsire ya turo mini tsinke biyu a takarda. "Alƙali, yau ba mu ji maki ba."

Na koma kan wayar. Na rubuta gaskiya, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Ina ganin alamar tana nan a kan waya tana jira. Tsiren ya huce a gabana.

Na rubuta mata, "Na ɗauke ki, Mamana."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ta amso. "Na yi kuka?"