Ranar da Sufeto Ta Bi Ɗalibaina Alaba Rago

Har gobe ban manta da ranar da sufeto ta zo makarantarmu ta tarar da ajina wayam ba. Ku sababbin malamai, ku saurara.

Aikin lantarki nake koyarwa a wata sakandaren gwamnati da ke Ojo. Gwamnati ta gina mana ɗakin koyon sana'a, ta zuba kayan sola. Ƙa'idar ita ce, sufeto zai zo daga ofishin ilimi ya duba. In ba a amfani da kayan, sai a kwashe a kai wata makaranta. To, wanda ya sa ranar zuwan bai san mu ba, ya sa ta gab da Babbar Sallah. Ɗalibaina kuwa yawancinsu 'ya'yan masu raguna ne. A wannan makon ko ɗaure su ka yi ba za su zauna ba, duk suna kasuwar Alaba Rago suna taya iyayensu.

Sufeton, wata dattijuwar Bayarabiya, ta leƙa ajin ta ce, "Oga Tica, ina yaran? An zuba dukiyar jama'a don ƙasa ta ci gaba, kun kulle ta a ɗaki. Kayan nan za su tashi."

Na ce, "Madam, don Allah ki biyo ni kasuwa tukuna." Ni dai so nake ta ga yaran da idonta, ta san akwai su.

Muka kutsa cikin raguna, takalminta duk ya ɓaci. Sai ga Habu, ɗan ajina, a kan tsani yana ɗaura fitilar sola a garken wani Alhaji mutumin Nijar. Na daka masa tsawa, "Kai! Wa ya sa ka?"

Alhajin ya ce, "Haba Malam, ƙyale shi. Layin nan kaf yaranka ne suka haɗa mana wuta. Mun huta da sayen mai, ga ciniki har bayan isha'i."

Sufeto ta ɗaga kai ta bi wayoyin da kallo, ta daɗe. Ta ce wa Alhajin, "Gaya wa yaron ya naɗe wancan haɗin da kyau." Sannan ta juyo gare ni. "Kayanku suna nan."

Alhamdulillahi! Sai da na zauna a kan buhun dusa.

Abin da na koya shi ne, malami ba ya sanin amfanin aikinsa sai ya bi ɗalibi inda yake neman abinci. Ni da na koya musu, sai ranar na san sun iya.